Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Bidiyo Cijewa a Talabijin, da Yadda Ake Gyara Shi a Gida

Yawancin abin da ake kallo a falon gidajenmu na Makka, Jidda, Madina da Riyad yanzu ta intanet yake shigowa: tafsirin malaman gida a YouTube, finafinan Kannywood, shirye-shiryen Shahid da Netflix, ƙwallo, da zane-zanen yara. Idan hoto ya fara cijewa, da'irar nan ta tsaya a tsakiyar allo tana juyawa, abin da maigida ya fi yi shi ne ya kira kamfani ya ce a ƙara masa mega. Sai kuɗin wata ya hau, cijewar kuma tana nan daram. Dalili kuwa, sau da yawa intanet ɗin yana isowa gidan lafiya lau, a tsakanin rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, da talabijin ne yake lalacewa. Ƙara mega a irin wannan hali daidai yake da ƙara wa tanki ruwa alhali famfon kicin ne ya toshe. Saboda haka kafin ka ƙara ko riyal ɗaya, bi matakan nan a jere, kada ka tsallake awo.

Fara da sanin saurin da bidiyo ke buƙata

Ana auna saurin intanet da megabit a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Mbps, mu kuma muke cewa mega. Netflix ya ce mega 3 ya isa a kalli hoto mai ingancin 720p, mega 5 ya isa 1080p, mega 15 kuma ya isa 4K. YouTube yana neman mega 2.5 don 720p, mega 5 don 1080p, da mega 20 don 4K. Ka duba waɗannan lambobi da kyau. Gidan da ke biyan kuɗin mega 100 yana da abin da zai ɗauki talabijin huɗu suna kallon 4K lokaci guda, har da saura. Wanda ke da irin wannan tsari kuma talabijin ɗaya ke cije masa, ƙarancin mega ba shi ne ciwonsa ba.

Abin da bidiyo ya fi so shi ne saurin da ba ya yankewa. Talabijin kan sauke ɗan abin da ke gaba ya ajiye kafin ya nuna shi. Idan sabis ya yi sama ya yi ƙasa, ajiyar ta ƙare, sai hoto ya tsaya. Mega 20 da ke zuwa ba fashi ya fi mega 200 da ke ɗaukewa duk bayan minti biyu.

Mataki na farko: kashe komai, kashewa ta gaskiya

Cire filogin rauta daga bango. Idan faiba gare ka, wato intanet mai zuwa ta zaren gilashi, kuma akwai akwatin kamfani daban da rautar, cire duka biyun. Cire na talabijin ma, domin danna jan maɓallin rimot barci kawai yake sa shi, manhajojin ciki suna nan a buɗe. Jira minti ɗaya. Mayar da akwatin faiba, bari fitilunsa su daidaita, sannan rauta, sannan talabijin.

Akwai wani ɗan rami a bayan rauta da aka rubuta Reset a kansa, wanda ake tsokana da allura. Kada ka taɓa shi. Yana goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri, a wasu na'urorin ma har da saitin da ma'aikacin kamfani ya saka, ka wayi gari ba intanet gaba ɗaya.

Idan kashewa da kunnawa ya gyara abin, to madalla. Idan kuma sai an yi hakan kullum, akwai wata matsala a ƙasa, ci gaba.

Mataki na biyu: auna a wuri uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin ganganci. Kana buƙatar wayar hannu, da takarda da biro. Kashe data ɗin layinka tukuna, don kada ka auna sabis ɗin sim kana zaton Wi-Fi kake aunawa. Idan akwai VPN a wayar, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya, kashe shi. Roƙi mutanen gida su ɗaga wa intanet ƙafa na minti biyar. Sai ka buɗe fast.com, shafin awo na Netflix, ko manhajar Speedtest.

Awo na farko a gaban rauta, taku biyu tsakaninku. In kana da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ramin kebul, jona ta kai tsaye da rautar, wannan awon ya fi kowane gaskiya. Rubuta abin da ka samu.

Awo na biyu a wurin talabijin. Kada ka tsaya a tsakiyar falo. Kai wayar bayan allon, kusa da bango, domin a can eriyar talabijin take. Mutane kan yi mamakin bambancin da ke tsakanin kan kujera da bayan talabijin, alhali tazarar ba ta wuce mita 3 ba.

Awo na uku a cikin talabijin ɗin kansa. A manhajar Netflix, shiga Get Help, ka zaɓi Check your network, zai nuna maka saurin da yake samu. A YouTube, kunna bidiyo, shiga saitinsa, ka kunna Stats for nerds. Wani ƙaramin akwati zai fito a kusurwa. Layi biyu ne suka shafe ka: Connection Speed, wato saurin da ke isowa, da Buffer Health, wato daƙiƙoƙin bidiyon da ke ajiye. Idan ajiyar tana hawa zuwa daƙiƙa goma ko ashirin tana zama, lafiya. Idan tana zubewa zuwa sifili, cijewa na tafe.

Yi wannan awo sau biyu, da hantsi lokacin da gari ya yi shiru, da kuma bayan sallar isha'i lokacin da kowa ke kan waya. A watan azumi lokacin cunkoson yakan koma bayan tarawihi har zuwa sahur. Ɗauki hoton allo na kowane awo, zai yi maka amfani idan magana ta kai ga kamfani.

Yanzu karanta takardarka. Idan awon gaban rauta ma ya yi ƙasa sosai da abin da kake biya, matsalar daga waje take ko daga rautar. Idan gaban rauta ya yi kyau, bayan talabijin ya faɗi, Wi-Fi ne. Idan waya ta samu sauri a bayan talabijin amma shi talabijin ɗin bai samu ba, laifin talabijin ne. Idan kuwa duka ukun sun yi kyau amma wani bidiyo na cijewa, to daga inda bidiyon ya fito ne.

Idan tun a gaban rauta ba sauri

Masu faiba, ko ta stc ce, ko Mobily, ko Salam, ko Zain, su dubi fitilun akwatin. Wadda aka rubuta PON ya kamata ta tsaya cak da kore. Wadda aka rubuta LOS ya kamata ta kasance a kashe. Idan LOS ta yi ja, hasken da ke bin zaren ba ya isowa, kuma wannan aikin kamfani ne. Abin da za ka iya dubawa da kanka shi ne siririn kebul ɗin da ke shiga akwatin. Zaren gilashi ne a ciki, ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Ƙafar kujera ko gefen kabad da aka tura a lokacin shara ya isa ya lalata shi. Kada ka zare shi ka leƙa bakinsa, hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana yi wa ido illa.

Akwai wata alama da ke da saurin ganewa. Idan kana biyan mega 300 ko 500 amma awon kebul kullum yana tsayawa a 90 da ɗoriya, bai taɓa haura 100 ba, wani abu a hanya ne ke da iyakar 100. Ko tsohuwar rautar da ka ƙara da kanka, ko kebul ɗin da ya haɗa ta da akwatin kamfani. Lafiyayyen kebul yana da siraran wayoyi 8 a ciki. Idan ɗaya daga cikinsu ta karye, ko an sayar maka da mai wayoyi 4, saurin yakan koma 100. Duba rubutun jikinsa, ka nemi Cat5e ko Cat6.

Masu rautar 5G ko 4G, wadda ake saka wa sim, nasu lissafin daban ne. Da yawa daga cikinmu ita muke amfani da ita, musamman a tsofaffin unguwannin da faiba ba ta shiga kowane gini ba, ko a gidan haya da mutum bai san yaushe zai tashi ba. Ita wannan rautar daga turken sabis na unguwa take ɗauka, don haka inda ka ajiye ta shi ne rabin saurinta. Ɗauke ta ka zaga da ita taga-taga, kana jonawa kana aunawa. Tagar da ke kallon titi ko fili takan fi wadda ke kallon bangon maƙwabci. Tagar da ke da rufin alminiyam ko gilashi mai duhun ƙarfe tana danne sabis. Hawa na sama ya fi na ƙasa.

Sandunan sabis da ke jikin rautar ba sa faɗin komai dalla-dalla. Shiga shafin saitinta ta burauza. Adireshin yana rubuce a takardar da aka manna a ƙasanta, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.1.1, tare da kalmar shiga. Nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP da ke kusa da -80 ƙarfi ne mai kyau, wanda ya gangara ƙasa da -100 rauni ne. SINR da ya kai 20 ya yi kyau ƙwarai, wanda ke kusa da sifili yana nufin hayaniya ta yi yawa. Matsa rautar kaɗan-kaɗan kana kallon lambobin, wani lokaci juya fuskarta kawai ke canza lissafi.

Sai dai a kula da rana. Zafin Makka a bazara yakan haura digiri 40, kuma rautar da aka ɗora a bakin taga rana na dukanta ta cikin gilashi za ta yi zafi ta rage aiki, ko ta riƙa kashe kanta tana tashi. Kusa da taga, amma a inuwa, kuma kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura.

Idan da hantsi kana samun sauri mai yawa, bayan isha'i kuma ya zube, turken unguwarku ne ya cika. Babu saitin da zai gyara wannan. Mazauna kusa da Harami sun san yadda sabis ke yi a goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin aikin Hajji. Mafita ita ce faiba in ta iso gininku, ko a gwada layin wani kamfani. Kafin ka sa hannu a yarjejeniyar watanni, ari rautar wani ɗan'uwa ko ka gwada da sim ɗin waya a cikin ɗakin naka, da daddare.

Duba kuma ko data ce ta ƙare. Wasu tsare-tsaren suna da iyaka, da an kai ta sai a rage sauri har ƙarshen wata, kuma sharaɗin yana cikin takardar da aka sa hannu. Bidiyo yana shan data fiye da yadda ake zato. A lissafin Netflix, sa'a ɗaya ta HD takan ci har giga 3, ta 4K har giga 7. Gidan da ke kallon 4K sa'a uku kowane dare zai iya shanye giga 630 a wata daga talabijin kaɗai. Idan cijewar takan fara ne a makon ƙarshe na wata, buɗe manhajar kamfaninka ka ga abin da ya rage.

Idan Wi-Fi ne, kuma yawanci shi ne

Gine-ginen ƙasar nan bulo ne da kankare da rodi, a sama a shimfiɗa tayil ko marmara. Wi-Fi ba ya shiri da ko ɗaya. Ma'aikacin da ya zo saka faiba kuma yakan kafa akwatin ne inda ya fi masa sauƙi, kusa da ƙofar shigowa ko a majalisin baƙi, alhali talabijin yana can falon ciki, bango biyu ko uku a tsakani. Daga nan sai uwargida ta ga wayoyi sun ɓata mata ado, a tura rautar cikin kabad ko bayan labule. An gama da sabis.

Fito da ita fili. Ɗora ta a sama, kamar tsayin kafaɗa ko fiye, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida. Nisanta ta daga firji, babban madubi, tankin kifi, da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, wadda ke aiki a zango ɗaya da Wi-Fi na 2.4. Kada ka saka ta a bayan talabijin da sunan kusantarwa, jikin allon kansa shinge ne. Idan daga inda rautar take kana iya hango talabijin ta ƙofa, ka yi dace.

Sai maganar zango. Rautocin yanzu suna watsa Wi-Fi a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Sunan da ke ƙarewa da 5G a jerin Wi-Fi na gida, wannan 5 GHz ake nufi, ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na sim. Zangon 2.4 yana ratsa bango yana zuwa nesa, amma ba shi da faɗi, kuma a cunkushe yake. A gini mai gidaje goma sha biyu, kowane gida da rautarsa, duk a kansa suke turereniya. Zangon 5 ya fi sauri ya fi sarari, sai dai bango na kashe shi da wuri. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan bango ɗaya ne ko babu tsakanin rauta da talabijin, a sa talabijin a kan 5. Idan bango ya kai biyu, a gwada duka a auna, a bar awo ya yanke hukunci.

Wasu rautocin suna haɗe zangon biyu a suna ɗaya, su zaɓa wa kowace na'ura. Talabijin yakan maƙale a 2.4 ya ƙi sauka. Shiga shafin saiti, ɓangaren Wi-Fi, kashe wannan haɗewar, sunanta Smart Connect ko Band Steering ko makamancin haka, ka ba kowane zango sunansa. Sannan je ka talabijin, sa ya manta tsohon sunan, ka jona shi da na 5.

Idan sunan na 5 bai fito a jerin talabijin ba alhali waya tana ganinsa, abu biyu ne. Ko talabijin ɗin 2.4 kaɗai ya sani, kamar yadda tsofaffi da masu araha da yawa suke, ko kuma rautar ta zaɓi hanyar da talabijin ba ya ji. A saitin zangon 5, nemi Channel, cire shi daga Auto, ka zaɓi 36, 40, 44 ko 48. Kusan kowace na'ura tana jin waɗannan.

Wanda dole ta sa ya zauna a 2.4, ya zaɓi hanya ta 1, ta 6 ko ta 11, domin su uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna, ya kuma sa faɗin hanyar a 20 MHz. Akwai manhajojin Android na kyauta masu suna WiFi Analyzer da ke nuna hanyar da maƙwabta suka fi cika, sai ka kauce mata. Tun 2021 Saudiyya ta buɗe zangon 6 GHz gaba ɗaya ga Wi-Fi, shi ne wanda rautocin Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 ke amfani da shi, amma talabijin kaɗan ne ke jinsa, kuma ya fi zangon 5 tsoron bango. Kada mai shago ya sa ka sayi rauta mai tsada saboda shi da sunan gyara talabijin.

Su wa ke kan layin?

Kafin ka sayi wani abu, buɗe jerin na'urorin da ke jone da rautar, yana cikin shafin saiti ko manhajar rautar. Ƙirga su. Gidan Bahaushe a ƙasa mai tsarki ba ya rabuwa da baƙi, 'yan Umara daga Kano ko Damagaram, ɗan ƙanin baba da ya zo ziyara, maƙwabcin da aka ba kalmar sirri shekara biyu da suka wuce shi kuma ya ba nasa baƙin. Ba a hana baƙo Wi-Fi, amma ana iya buɗe masa nasa daban. Yawancin rautoci suna da Guest Network, wasu ma suna bari a ƙayyade masa sauri. Canza kalmar sirrin gida, ka bar ta ga 'yan gida da talabijin.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ɗorawa. Saurin ɗorawa a mafi yawan tsare-tsare bai kai na saukewa ba. Alhajin da ya dawo daga ɗawafi da bidiyo cike da waya, da ta jonu da Wi-Fi sai ta fara tura su Google Photos ko iCloud, ko shi ya fara aika wa iyali ta WhatsApp. Idan hanyar fita ta cika, saƙonnin da talabijin ke aikawa don neman ci gaban bidiyo suna makara, hoto ya tsaya. Kyamarorin tsaro masu ajiya a intanet ma haka suke yi, dare da rana. A ɓangaren saukewa kuwa PlayStation ce uwar ci, sabunta wasa ɗaya yakan kai giga da dama. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe Wi-Fi a kowace waya, a kashe na'urar wasa, a kalli talabijin minti goma. In ya tafi sumul, sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Idan yaron gida ne, magana ɗaya ce: "Abba, bari sauke wasan nan sai Hajiya ta gama jin tafsiri." Idan rautar tana da QoS, wato saitin fifita wata na'ura a kan sauran, sa talabijin a sahun gaba.

Kebul ya fi komai

A ganina duk wanda zai iya ja wa talabijin kebul, ya ja, ya huta. Talabijin ba ya yawo, babu dalilin da zai sa ya yi takara da wayoyi goma a iska. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar cikakken sauri har tsawon mita 100, ana samunsa a Jarir da eXtra da ƙananan shagunan kayan kwamfuta. Akwai siriri shimfiɗaɗɗe da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa, a bi da shi gefen bango da 'yan maƙalai. In sai an huda bango, a nemi izinin mai gida ko a yi magana da mai gadin ginin tukuna. Wasu sababbin gine-gine ma da ramin kebul a bango suke zuwa, duba bayan talabijin ko akwai.

Bayan ka jona, shiga saitin sadarwa na talabijin ka zaɓi Wired, ka sake awo. Kada ka damu idan ka ga 90 ko 95 kawai. Ramin kebul na yawancin talabijin iyakarsa mega 100 ne, kuma wannan ya ninka abin da Netflix ke nema don 4K sau shida. Ga masu rautar 5G, kebul ne ke raba gardamar taga: rauta ta zauna inda sabis yake, talabijin ya zauna inda iyali suke.

In kebul ya gagara, na'urorin Mesh, masu miƙa wa juna Wi-Fi a cikin gida, su ne na biyu, ɗaya a wurin rauta, ɗaya a tsakiya inda sabis ke da sauran ƙarfi. Ƙaramar na'urar ƙara zango da ake soka wa a soket takan raba sauri biyu, kuma idan aka sa ta a ɗakin da sabis ya riga ya mutu, raunin take maimaitawa, sandunan su cika amma hoto na nan yana cijewa. Masu bin wayar lantarki, wato Powerline, sa'a ce: a wani gida su yi aiki, a tsohon gini mai tsofaffin wayoyi su ƙi. Kada a saya sai da sharaɗin mayarwa.

Idan talabijin ɗin ne

Allon talabijin yakan yi shekaru da ƙarfinsa, amma 'yar kwamfutar da ke cikinsa tana saurin tsufa. Sabunta manhajarsa daga saiti. Goge manhajojin da ba a amfani da su. A talabijin mai Android ko Google TV, shiga Apps, zaɓi manhajar da ke damunka, ka danna Clear cache. A Samsung, danne maɓallin kunnawa na rimot har sai allo ya mutu tambarin ya sake fitowa. A LG, kashe Quick Start+ don ya riƙa mutuwa da gaske. Duba kwanan wata da agogo, idan sun karkace wasu manhajoji ba sa buɗewa.

In duk an yi bai canza ba, kada ka sayi sabon talabijin. Sayi ƙaramar na'urar kallo da ake sokawa a ramin HDMI, irin Fire TV Stick, Xiaomi TV Box, Google TV Streamer ko Apple TV. Ba ta wuta daga cajarta a soket, domin ramin USB na talabijin sau da yawa ba ya ba da isasshiyar wuta. In ta zo da ɗan guntun kebul na HDMI, yi amfani da shi don ta ɗan fito daga bayan allo.

Za ka ji ana cewa a canza DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Ba laifi a gwada idan manhaja tana jinkirin buɗewa, amma ba ya ƙara mega ko ɗaya. VPN kuwa rage sauri yake yi, domin sai ya kai bidiyon wata ƙasa kafin ya dawo da shi.

Idan daga can ne

Wannan ya shafe mu fiye da kowa. Tafsiri ko wa'azin da ake watsowa kai tsaye daga wani masallaci a Kaduna ko Sakkwato ya dogara ne da wayar wanda ke ɗauka da sabis ɗin unguwarsu. Idan nasa ya yanke, naka zai tsaya ko da kana da mega 1000. Shirin kai tsaye kuma ba shi da ajiya mai yawa, don haka ya fi saurin cijewa. Gwada wani abu nan take, misali tashar Harami ta kai tsaye a YouTube, ko wani bidiyon 4K. In sun tafi lafiya, gidanka ba shi da laifi, jira a ɗora karatun bayan an tashi. Haka tsohon fim da aka ɗora a 360p, ba saurin da zai wanke shi.

Rajistar IPTV mai arha da ake tallatawa a ɓoye, mai tashoshi dubbai, ita ma haka. Na'urorin masu ita ne ke cika a daren babban wasa, shi ya sa take tafiya lafiya da rana ta mutu ana take ƙwallo. Ga shi kuma ta saɓa wa doka, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Saudiyya tana toshe irin waɗannan hanyoyi. Ba wani gyaran rauta da zai taimaka.

Kiran kamfani

Idan awon kebul a gaban rauta ya nuna ƙasa sosai da abin da kake biya, safe da dare, kwana biyu ko uku a jere, lokacin kira ya yi. Lambar stc 900 ce, Mobily 1100, Zain 959, kuma kowannensu yana karɓar koke ta manhajarsa. Wanda layin ke da sunansa da lambar iƙamarsa, wato katin izinin zama, shi ya kamata ya kira, ko ya kasance a kusa, domin za a nemi tabbatarwa. Faɗi lambobi: tsarin da kake biya, abin da ka auna da kebul, ƙarfe nawa, da launin fitilar LOS. Ka ce ka riga ka kashe ka kunna, don kada a mayar da kai farko. Nemi lambar koke ka adana saƙon.

Idan ma'aikaci ya zo, sa ya auna da kebul a gabanka, kuma tun da ya zo, tambaye shi ko za a iya matsar da akwatin zuwa tsakiyar gida. Idan wa'adi ya wuce ba a gyara ba, ko aka rufe koken ba tare da ka gamsu ba, ana ɗaukaka shi zuwa hukumar sadarwa ta ƙasa, CST, wadda a da ake kira CITC, ta shafinta na intanet. Za su nemi lambar koken farko, hotunan awon nan kuma su ne hujjarka.

Kafin a zo gyara, shiga saitin bidiyon, cire ingancin hoto daga Auto, ka kafe shi a 720p. A YouTube ana yin haka a jikin bidiyon da ake kallo. A Netflix kuma ba a zaɓar 720p kai tsaye, sai an shiga asusun ta burauza, a ɓangaren Playback settings na wanda ke kallo, a zaɓi Medium.